Sa'a ba ita kaɗai ke juya rayuwa ba

A nan Jos na gaji da jin ana cewa wanda ya ci gaba sa'a ce kawai ta yi masa rana, wanda ya durƙushe kuma haka aka rubuta masa, saboda haka tanadi ba ya ƙara komai. Masu wannan magana suna da hujjarsu, domin babu wanda ya zaɓi gidan da aka haife shi ko ranar da masifa za ta sauka.

Sai dai abin da ya faɗo ba zato yana tarar da mutum ne a kan shirin da ya riga ya yi. Lokacin da gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus a watan Fabrairun 2002, wutar ba ta ware kowa ba, wannan kam ƙaddara ce. Amma ɗan kasuwar da ya saba zuba adashi duk mako, ya ajiye 'yan turamen atamfa a gida, bai kuma taɓa saɓa alkawarin masu ba shi kaya bashi ba, shi ya fi saurin sake kasa kaya a bakin titi, alhali maƙwabcinsa da ya tara jarinsa duka a rumfa ɗaya yana neman wanda zai tsaya masa.