Lambar ƙarshe ba ta isa hujja ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in babbar lamba ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9, babu abin da zai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Ba haka ba ne. Abin da ƙarshen yake nunawa kawai shi ne 2 da 5 ba sa raba ta.

Ɗauki 4,294,967,297, wato a jera 2 har guda 32 a ninka su, a ƙara 1. Fermat, masanin lissafin Faransa, ya zaci ba ta rabuwa, kuma shi ba ƙaramin malami ba ne. Sai a 1732 Euler, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, ya nuna 641 sau 6,700,417 ita yake bayarwa cif. Kai, ko 91 ma 7 sau 13 ce.