Bashin Jita Tsakanin Abokai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƴan uwa, musamman samarinmu na fada, wato majalisar shan shayi, a nan Yamai, akwai wata rigima da ke yawan tashi tsakanin masu kiɗa da masu koyo, kuma kusan kullum kamarta ɗaya ce. Wani yana da jita, ya yi sabuwa ko kuɗi sun matse shi, abokinsa ya nuna yana so. Ana cikin shan shayi sai a ce, "Ɗauka kawai aboki, ma yi magana." Ba a yanke kuɗi ba, ba a sa rana ba, ba a kira kowa ya shaida ba. Bayan wata biyar, wannan yana cewa jika 90 (sefa dubu 90) ya sayar, wancan yana cewa 70 ya ji, ko ma ya ce ai aro aka ba shi. Mutanen da suka taso tare sun koma in ɗaya ya shigo fada ɗaya ya tashi.

Yawanci ba mugunta ce ta haifar da wannan ba. Kunya ce ta ranar ciniki. Mai jita yana jin nauyin ya ce a rubuta, kada a ce bai yarda da abokinsa ba. To aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan take magana: idan kuka ƙulla bashi zuwa wani ajali ambatacce, ku rubuta shi. Ta ce kada ku ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Ta ce wanda bashin ke kansa shi zai yi shifta, a kuma kafa shaidu biyu. Muminai aka yi wa wannan magana, sahabbai ne suka fara jin ta, ba ɓarayi ba. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, ba wajibi ba, amma ayar da kanta ta faɗi amfaninsa: ya fi adalci a wurin Allah, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da hana ku shakka.

Abu na farko da za a ambata da baki, a kuma rubuta, shi ne sunan mu'amalar. Saye ne, aro ne, ko haya? Hukuncinsu ba ɗaya ba ne. In saye ne, jita ta zama ta mai saye tun da ya karɓa; ko an sace ta washegari, kuɗin suna kansa. In aro ne, ita kanta zai mayar, kuma wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya mai aro yana lamunin kayan da ake iya ɓoyewa, irin jita, sai in an samu shaidar ta salwanta ba da sakacinsa ba.

Rubutun bai wuce rabin shafi ba. Sunayen biyu da kwanan wata. Irin jitar, ta katako ce ko ta lantarki, sunan kamfanin, da lambarta in tana da ita. Ana samun lambar a bayan kan jitar, ko a takardar da ke manne cikin ramin cikinta, ko a farantin ƙarfen da ya haɗa wuya da jiki. Sai abin da ya biyo ta: jaka, igiyar rataya, wayar jonawa, ampili (na'urar ƙara sauti). Nan ake yawan faɗa, mai saye ya ɗauka da ampili aka yi ciniki, mai sayarwa yana ganin ara masa ya yi na biki ɗaya. Sai kuɗin, da lamba da kuma harafi, don bakinmu ya saba da dala da jika, takarda kuma ta saba da sefa, kuma dala 1.000 ba jika ɗaya ba ce, jika 5 ce. Misali: kuɗi jika 90, an ba da 30 hannu, saura 60, jika 10 kowace ranar 5 ga wata har wata shida. Kowa ya sa hannu, shaidu su sa, a ɗauki hoton takardar da waya kowa ya riƙe. Duk biyan da aka yi a rubuta a bayanta. In ta Airtel Money ko Nita aka tura, a adana saƙon ko rasit ɗin.

"In na samu zan ba ka" ba ajali ba ne. Kuma a sa ranar da hankali. Mai kiɗan biki ya san a watan azumi babu aiki, kasuwarsa tana buɗewa bayan salla da kuma kafin azumi, lokacin da ake rububin ɗaura aure. Wanda ya yi alkawarin babban biya a tsakiyar Ramadan, alhali da jitar yake ci, ya shirya saɓa alkawari tun ranar farko.

A duba kayan tare kafin a rabu, domin "ai da ma a lalace ka ba ni" ita ce hujjar da aka fi fakewa da ita. A danna tsirkiya a na farko da na ƙarshe cikin ƙarafan da ke jere a wuyan jitar, a duba tsakiyar wuya: tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafa kada ta wuce kaurin katin kuɗin waya sosai. In ta yi yawa, wuyan ya lanƙwashe. A gwada cusa takarda ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai. In ta shiga, gam ya fara saki. A juya maɗauran shida ɗaya bayan ɗaya. In ta lantarki ce, a jona ta, a murɗa kowane maɓalli, a girgiza bakin wayar a ji ko sauti yana yankewa. Aibin da aka gani a rubuta shi. Wanda mai sayarwa ya sani ya ɓoye, algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa ko ya riƙe. Amma abin da ya faru a hannun mai saye nasa ne. Busasshiyar iskar hunturu tana tsaga katako. Zafin Afrilu da Mayu yana narkar da gam in an bar jita cikin rufaffiyar mota ko jingine da bangon ɗakin kwano. Tsirkiyoyin ƙarfe suna jan kusan kilo 70, saboda haka wanda ya sa su a jitar da aka ƙera don na roba, jakin ya ɓalle, kada ya nemi a rage masa ko dala.

Kai wanda ake bi, bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Annabi (SAW) ya ci bashi, ya biya da abin da ya fi, ya ce mafi alherinku shi ne wanda ya fi kyautata biya. Abin kunya shi ne taurin bashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Ka yi kiɗan biki uku a wata, ka canza waya, ka ɗinka shadda, sannan ka ce wa mai jita "ka ƙara haƙuri", wannan hadisin da kai yake. Nana Aisha ta ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) me ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, ya ce mutum in bashi ya hau kansa, sai ya yi zance ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Dubi yadda abin yake tafiya: da farko "gobe", sai kashe waya, sai canza hanya in ka hango shi wajen kasuwar Katako. In da gaske ba ka da shi, ka riga shi magana kafin ranar ta zo, ka kai abin da ya samu ko jika 2 ne, ka nemi sabuwar rana.

Akwai kuma wata dabara da ta fi muni, domin da addini ake yin ta. Sai lokacin biya ya zo mutum ya tuna cewa malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa. Gaskiya ne sun yi: mafi yawansu sun hana, kuma da dama ba su inganta cinikinsu ba, wasu kamar Ibn Hazm sun halatta. Wanda zuciyarsa ta natsu da hanin, madalla, ya je wurin malami su warware cinikin, kaya su koma ga mai su. Amma ka riƙe jita kana kaɗawa a bikin mutane kana karɓar kuɗi, sannan ka ce kuɗinta haram ne ba za ka biya ba, babu malamin da ya ba ka wannan fatawa.

Kai kuma mai bin bashi, aya ta 280 taka ce: in wanda ake bi yana cikin ƙunci, a saurara masa har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. Kana da haƙƙin tambaya, har da kai ƙara in ka tabbatar yana da hali yana ƙi. Ka fara da shi kai da shi, sannan shaidun nan biyu, sannan babban fada ko limamin unguwa ko mai unguwa, kafin a kai ga hukuma. Ba ka da haƙƙin sa hotonsa a Facebook, ko zagin iyayensa, ko zuwa tsakiyar taron biki ka fizge jitar daga wuyansa. Kada kuma ka ce tunda ya makara, jika 60 ta zama 70. Ƙari saboda jinkiri shi ne riba tsantsa. Sayar da kaya bashi a kan kuɗin da ya fi na hannu ya halatta a wurin mafi yawan malamai, in tun ranar ciniki aka tsaya a kan kuɗi ɗaya. Bayan nan ba a ƙarawa.

In abin ya cije, akwai hanyar da Annabi (SAW) ya nuna. Ka'abu bn Malik ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi ya ɗaga labulen ɗakinsa, ya yi wa Ka'abu nuni da hannu ya sauke rabi. Ka'abu ya ce ya yi. Sai Annabi ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ɗaya ya rage, ɗaya ya biya nan take, ba a bar wani "sai wata mai zuwa" ba. Masu sulhu su lura da abu biyu a fiƙihun Malikiyya. Ragi irin wannan a kan bashin da lokacinsa ya yi ne. In ajali bai zo ba, ba a cewa "rage mini in biya ka yanzu". Haka nan wanda ya sayar bashi ba ya saye kayan da kuɗi hannu ƙasa da yadda ya sayar kafin ajalin ya cika. In jitar za ta koma, hanya mai tsabta ita ce a warware cinikin: ya karɓi kayansa, ya mayar da abin da aka riga aka ba shi. Kuma ko sulhu bai kammala ba, gaba ba ta wuce kwana uku. Sallama ba ta jiran biyan bashi.

Takardar nan kada ta tsaya a aljihun mutum biyu. Kowa ya sanar da wani a gidansu inda take. An kawo wa Annabi (SAW) gawar mutumin da ake bi dinare uku bai bar abin biya ba, ya ce sahabbai su yi masa salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin sannan ya sallace shi. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. In wanda ake bi ya rasu, ana fitar da bashin daga abin da ya bari kafin wasiyya da rabon gado. In mai jitar ne ya rasu, saura jika 60 ɗin nan ta zama ta magadansa, a kai musu ita ko da ba su san da zamanta ba.