Wai yaushe adadin nan zai cika?

Karo na uku ke nan a jere ina ajiye harkokina in tafi taron ƙungiyarmu, in zauna har ƙugu ya ƙage, daga ƙarshe sakatare ya miƙe da rajista a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, adadi bai cika ba." Shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Mu 240 ne a rajista. Kundin ƙungiya ya ce sai fiye da rabi sun hallara, wato mutum 121, kafin a yanke ko da shawarar sayen tsintsiya. A zaman da ya wuce mu 87 muka zo. To su wane ne sauran da muke jira? Akwai wanda ya bar ƙasar da daɗewa. Akwai waɗanda rabonsu da biyan kuɗin wata har ma'aji ya manta kamanninsu. Akwai mutum biyu da Allah ya yi wa rasuwa, sunayensu na nan daram, ana ƙirga su cikin waɗanda suka makara!

Ban ce ƙa'idar banza ce ba. An yi ta ne don kada mutum biyar su turo ƙofa su yanke hukunci da sunan ɗari biyu. Amma ai komai da gwargwado. Majalisar wakilan Birtaniya kujera 650 gare ta, kuma mutum 40 sun isa a kaɗa ƙuri'a ta zauna. Majalisar dokokin Najeriya kashi ɗaya cikin uku take nema. Waɗannan masu yi wa ƙasa doka ke nan. Mu da rigimarmu ba ta wuce rufin ofis da ke yoyo ba, mun ce sai rabi da ɗoriya.

Na kawo shawara a rage adadin. Sai aka buɗe mini shafi: gyaran kundi sai da amincewar kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi. Mutum 160 ke nan. Wanda ya kasa tara 121, ina zai samo 160? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mu ne zuwa, mu ne biya, amma wanda ke kwance a ɗakinsa shi ke da ikon hana ruwa gudu.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne ranar da adadin ya cika, bara. Mu 130 ne a zauren. Aka kawo batun ɗauko mai binciken kuɗi daga waje ya duba asusu. Mutum 58 suka ɗaga hannu sun yarda, 41 suka ce a'a, 31 suka naɗe hannu suna kallon silin. Shugaba ya gyara zama ya ce batu ya faɗi, wai 58 ba ta kai rabin 130 ba. Haba! Kundinmu "rinjaye" kawai ya ce. Kuma abin da aka sani a dokokin taro, har a littafin da Henry Robert, wani hafsan sojan Amurka, ya fitar a 1876 wanda ƙungiyoyi da yawa ke bi har yau, rinjaye shi ne fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Wanda ya ƙaurace ba a lissafa shi. Ƙuri'a 99 aka kaɗa, 50 ta wadatar, mun samu 58.

Ba a yi rabin awa ba aka kawo ƙarin alawus na shugabanni. Masu so 50, masu ƙi 44, sauran 36 shiru. Nan take aka ce ya wuce. Na miƙe na ce, "Shugaba, da wane ma'aunin aka auna wannan?" Ya ce shiru alamar yarda ce. Ashe shirun da ya zama "a'a" a kan bincike, shi ne ya rikiɗe ya zama "e" a kan alawus.

Ga kuma sabon salo: da zarar an doshi maganar asusu, sai ka ga wasu na zamewa ɗaya bayan ɗaya, waya a kunne. Can sai wani ya ce a sake ƙirga mutane. An ƙirga, adadi ya karye, taro ya tashi.

Magani ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyoyi da kamfanoni da dama sun rubuta cewa in an yi rabin awa adadi bai cika ba, a ɗage zuwa mako mai zuwa, duk waɗanda suka zo ranar su ne taro. A tace rajista, mai biya kaɗai a ƙirga. A rubuta ɓaro-ɓaro ko rinjayen na ƙuri'un da aka kaɗa ne, ko na mahalarta, ko na dukkan mambobi.

An sake kiran zama ƙarshen wata. Zan je, kuma kafin sakatare ya fara ƙirga zan nemi ya gaya mana ta wace hanya ya aika wa mamatan nan biyu takardar gayyata.