Wutar Band A ta fi ƙarfin ƙananan masana'antu

Wani labari ya ce kamfanoni na kuka da tsadar aiki. Wallahi abin ya wuce kuka, ku leƙa Sharada da Challawa a Kano. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mai injin roba ya rasa inda zai sa kansa, dizal ma ba sauƙi. Ga Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, wa zai ci bashi ya sayo kaya? Babban kamfanin Procter & Gamble ma ya daina ƙera kaya a Najeriya, balle ɗan ƙaramin mai masana'anta. Wasu ƙofofin an garƙame da kwaɗo, mai shayin bakin ƙofa ma ya tashi. Gwamnati ta ware wa masana'antu farashin wuta na daban, don Allah.