Tiyatar kumburin jijiyar jini a kai ba yanka ƙwaƙwalwa ba ce

Yana damuna yadda mutane ke ɗauka cewa duk wanda za a yi wa wannan tiyata, sai an yanka masa ƙwaƙwalwa. Tsoron yana da dalili, tunda ana buɗe ƙoƙon kai.

Amma yawancin kumburin yana fitowa ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a mararrabar manyan jijiyoyi, ba cikin namanta ba. Misali, idan yana bayan ido, likita kan buɗe ƙashi ta gefen goshi, ya bi tsagin da ke tsakanin sassan ƙwaƙwalwa, ya matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, jini ya ci gaba da bin hanyarsa. Wani likitan tiyata mai suna Walter Dandy ne ya fara matse kumburin da ɗan ƙarfe haka, a Amurka a 1937. Yanzu wasu ma ta jijiyar cinya ake zura siririn bututu a toshe kumburin.