Tsadar asibiti ce ke kai 'ya'yan ƙauye gidan mari

Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ta sake zuwa ta wuce, an kuma yi abin da aka saba. An taru a otal cikin birni, an raba riguna, masu jawabi sun tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa matsalar mutanen karkara rashin wayewa ce, wai sun fi yarda da aljanu a kan likita. Maganin da suka kawo shi ne a ƙara wayar da kai. Wannan magana ta ishe ni. Tana ɗora laifi a kan uban da ba shi da ko sisi, tana wanke waɗanda kasafin kuɗi ke hannunsu.

A ɗauki magidanci a wani ƙauyen Ringim ko na Albasu. 'Yarsa mai shekara 15 ta daina cin abinci, ta daina magana, dare ya yi ba barci sai kuka, har an taɓa riƙo ta a bakin rijiya. Uwar ta karɓo rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Da abin ya ƙi, maƙwabci ya ce a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure. Uban nan ya san Dawanau sarai, can riɗinsa ke zuwa duk kaka. Lissafi ne ya zaunar da shi: kuɗin acaɓa zuwa bakin titi, kuɗin mota na mutum uku, kati, gwaji, magani, abinci, ga uwar da za ta bar ƙananan yara ta tare kusa da 'yarta na makonni. Idan da damina ne, gona ta rasa mai nome ta. Bayan sallama kuma magani na watanni ne, da komawa ganin likita. Akuya ta tafi kasuwa, buhun gero ya bi ta, tun ba a kai rabin jinya ba.

Shi kuwa mai gidan mari ya san aljihun mutanensa. Yana karɓar hatsi, yana ɗaga wa mutum ƙafa har kaka, ba ya neman kowa ya zauna jinya. Ba na kare shi ko kaɗan. Duk wanda ya ga hotunan mutum kusan 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a gadon baya, ya san rufe irin wuraren nan wajibi ne. Aka bi da Daura da Zariya, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe nata. To amma yaran fa, ina aka kai su? Gida suka koma, turun ya koma ɗakin baya. A 2020 labarai suka yi ta fitowa daga Kano na matasan da iyayensu suka kulle shekara da shekaru, jama'a suka yi ca a Facebook suna cewa a kama iyayen. A hukunta wanda ya azabtar da ɗansa, babu musu, amma kamen bai ƙara gado ko ɗaya a asibiti ba.

A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, har ta tanadi asusu na musamman. Ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, tana buƙatar wannan doka. Sai dai har yau uban yarinyar can daga aljihunsa yake biya. Masu cewa ai duk 'yan ƙwaya ne, su suka jawo wa kansu, ba su taɓa zama da yarinyar da aka yi wa fyaɗe ko yaron da ya ga an kashe mahaifinsa ba. Ko ɗan ƙwayar ma ɗan wani ne, don irinsa aka gina cibiyar gyaran hali ta Kiru.

Kuɗin yana nan idan an ga dama. Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, Jigawa na da JICHMA, ga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. A sa kwanciyar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 a asibitin ƙwaƙwalwa cikin abin da gwamnatin jiha za ta biya kacokan, har da kuɗin mota da abincin majinyaci, domin a nan talaka ke karyewa. Kwamitocin zakka na masarautu, irin na Dutse da ke tara hatsi duk shekara, su ware wa waɗannan gidaje kaso. Dagaci da limami sun san gidan da ake jin ihu cikin dare, su za su kawo sunaye. Kuɗin da aka kashe a otal ranar 10 ga Oktoba, a fara kwantar da yara da shi a Kazaure.