Ba kowane fushi ne "ciwonsa ya tashi" ba

Jama'a, akwai maganar da na gaji da jin ta. Duk sanda babban mutum mai lalurar ƙarancin fahimta ya fasa kaya, ko ya ciji hannunsa, ko ya shiga buga kai a bango, sai a ce "ai ciwonsa ne ya tashi." Shi ke nan an rufe zance. Ba mai tambayar wa ya tafi ya bar shi, wa ya daka masa tsawa, me aka sauya masa.

Alhali bawan Allah yana jin tsoro, yana kewa, kuma yana jin ciwo idan aka zauna ana zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. Abin da ya rasa shi ne bakin faɗa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne batun rasuwa. Uwar da ta kula da shi tun yana jariri ta rasu, sai dangi su ɓoye masa, wai ba zai gane ba, a ce masa ta yi tafiya. A ɗauke shi a kai shi wani gida. Cikin 'yan kwanaki ya rasa uwa, ya rasa ɗakinsa, ya rasa mutum ɗaya tak da ke gane nufinsa ko bai yi magana ba. In ya daina barci ya fara dukan mutane, sai a ce ya lalace. A 1997 Sheila Hollins, likitar lafiyar ƙwaƙwalwa, da abokin bincikenta sun bi mutum 50 masu wannan lalura a Ingila da iyayensu suka rasu. Sun tarar da ƙunci da fargaba da saurin fushi sun fi yawa a cikinsu fiye da 'yan uwansu da ba a yi wa rashi ba, amma galibin masu kula da su ba su alaƙanta hakan da rashin da aka yi musu ba.

Daga nan sai magani. A 2008 mujallar likitanci ta Lancet ta buga gwajin da likitan ƙwaƙwalwa Peter Tyrer ya jagoranta kan mutum 86 masu wannan lalura da ke yawan kai duka: wasu aka ba su risperidone, wasu haloperidol (duk biyun magungunan taɓin hankali ne), wasu ƙwayar da ba magani a cikinta. Bayan mako huɗu dukkansu sun lafa, kuma masu shan ƙwayar banzar ba su gaza sauran ba. Ni dai ina ganin kulawar da suka samu lokacin gwajin ta yi nata aikin. Duk da haka, a 2015 an ƙiyasta cewa manya 30,000 zuwa 35,000 masu wannan lalura a Ingila suna shan irin waɗannan magunguna ko na ciwon damuwa ba tare da an tabbatar suna da cutar da aka yi maganin dominta ba.

Ban ce a zubar da magani ba, wannan shawarar likita ce. Kuma wallahi ban raina gajiyar masu kula ba, wanda aka yakushe shi da tsakar dare ya san abin da ya ji. A fara duba haƙori da kunne da ciki, domin ciwon jiki ma haka yake fitowa. In babu, a riƙa rubuta abin da ya faru kafin kowane tashin hankali, wa ke wurin, da wane lokaci. In rasuwa aka yi, a gaya masa gaskiya da gajerun kalmomi, a nuna masa hoto, a bar shi ya yi kuka tare da kowa. Gobe zai sake tambaya, a sake ba shi amsa.